Wai Gidan Ƙasa Na Ƙauye Ne? Raddi Ga Masu Cewa Birni Sai Bulo Da Kwano

A ƙasar Hausa, idan aka ce wane ya samu, abin da ido ke fara nema shi ne ko ya rushe gidan ƙasar da ya gada ya tayar da na bulo. Masu binciken aure suna tambayar irin gidan da za a kai yarinya. Dillalin gidaje idan ya zo kan gidan ƙasa, kuɗin fili kawai yake lissafawa, wani lokaci har ya cire kuɗin kwashe ɓaraguzai. Gwamnati ma idan za ta nuna aiki, hoton ajin ƙasa take sawa a matsayin jiya, na siminti a matsayin yau. Magana ta zauna daram a zukata: ginin ƙasa na ƙauye ne da na wanda bai da yadda zai yi, birnin da ke son ci gaba kuwa sai bulo da kwano da gilashi.

Masu wannan ra'ayi ba su faɗi don son zuciya ba, kuma bai kamata mai ƙaunar kayan gargajiya ya zauna a ɗaki mai sanyi yana yi musu kallon marasa kishi ba. Wanda ya taɓa kwana a watan Agusta yana jera kwanuka a ƙarƙashin ɗigar soro, kunnensa na kan bango ko zai ji ƙara, ya san abin da yake gudu. Ga yaɓe duk shekara kafin ruwa ya sauka. Ga gara, ga ɓeraye masu haƙa rami, ga ƙasa da ke zubowa a kan kayan ɗakin amarya. Azara ta yi tsada domin giginya ta yi ƙaranci. Kuma duk damina labarin iri ɗaya ne a rediyo: gidaje kaza sun rushe, yawancinsu na ƙasa. Ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023, wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta ana sallar la'asar, aka rasa rayuka, Allah Ya jiƙansu. A Satumban 2024 tsohon masallacin Damagaram ya zube bayan mamakon ruwa. Duk wanda zai kare ginin ƙasa ya tsallake waɗannan bai yi adalci ba.

Inda na saɓa da su shi ne wurin ɗora laifin. Sun ɗora shi a kan ƙasar da aka kwaɓa, ni kuwa ina ganin yana kan zane da tsari: yadda aka zaunar da ginin, da yadda aka tsara unguwar da yake ciki. Idan muka yi kuskuren gane mai laifi, za mu canza kayan gini mu bar cutar a inda take, kuma abin da muka yi ke nan shekara hamsin.

Da kayan gini ne ke hana rushewa, da bene mai hawa 21 bai zube a Ikoyi ta Legas ba ranar 1 ga Nuwamban 2021, ya kashe sama da mutum 40, alhali siminti ne da rodi tun daga tushe, ko gamawa ba a yi ba. Da benen da ake ginawa a titin Beirut na Kano bai rufta a Agustan 2022 ba. Ba mu ji kowa ya ce a daina amfani da siminti ba. Cewa aka yi an yi ha'inci, an saɓa wa zane, ba a sa ido ba, kuma gaskiya ne. To me ya sa masallacin nan na Zariya da Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya tsaya sama da shekara 170, ba zai sami irin wannan adalcin ba? Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 ƙasa ce, tana nan, har UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Gobarau na nan a Katsina. Gidan Makama na nan a Kano.

Bangon ƙasa abokin gabarsa ɗaya ne, ruwa, kuma ta ƙofa biyu yake shigowa: ta sama ko ta gindi. Maginanmu na da sun san haka sarai. Shi ya sa suka yi indararo mai tsawo da ke jefa ruwa nesa da bango, suka yi dakali a gindi, suka shafe bango da makubar da ake samu daga ɗorawa, suka rufe soro da laso wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara. Amma babbar kariyar ba a jikin gidan take ba, a tsarin garin take. Ramin da aka ɗebi ƙasar gini shi ne ya zama kududdufi, kududdufin kuma shi ke shanye ruwan unguwa idan an yi mamako. Gini da magudanar ruwa aiki ɗaya ne ya haife su.

Yau fa? An cike kududdufai da shara an yanka filaye, an yi shaguna. An zuba kwalta a kan kwalta har titi ya fi tsakar gida tudu. Maƙwabci mai hali ya ɗaga harsashinsa ƙafa uku, ya malale ƙofar gidansa da siminti, ruwan da ƙasa ke sha a da yanzu ya kwararo ya kwanta a gindin bangon talaka kwana biyu. Idan bangon ya faɗi sai mu ce ai gidan ƙasa ne. Har gyaran da muke yi da kyakkyawar niyya yakan zama illa: a shafe bangon ƙasa da filastar siminti, danshi ya shiga ta tsaga ya rasa mafita, bango ya ruɓe ta ciki, wata rana filastar ta ɓare da rabin bangon. Wannan ba gazawar ƙasa ba ce. An ruguza tsarin da ke kare ta ne, ba a kawo wani a madadinsa ba. Gidan bulon ma ba tsira ya yi ba, ruwan na shiga falo yana jiƙa kujeru, jinkirin faɗuwa kawai ya fi ta.

Akwai kuma tambayar da bulo da kwano suka kasa amsawa, wato zafi. Bangon tubali mai kauri yakan sha zafin rana a hankali, ya ɗauki awanni kafin ya ratsa zuwa ciki, kafin nan rana ta yi sanyi. Shi ya sa zaure ke da sanyi da azahar, kuma da hunturu ɗakin soro ke da ɗumi da asuba. Bulo mai inci shida rami ne a tsakiya, fatarsa siririya, zafi na ratsa shi nan da nan. Kwano kuwa da hantsi ya riga ya zama abin da hannu ba ya iya taɓawa, yana turo zafin ƙasa ta cikin silin. Sai mu ƙara da faffaɗar tagar gilashi mai kallon yamma, domin haka muka gani a hoton Dubai. Gidan da aka zana haka, an zana shi ne bisa sharaɗin cewa na'urar sanyaya ɗaki za ta yi aiki dare da rana.

Wa ya cika wannan sharaɗi? A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A a Najeriya daga kimanin naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit. A Oktoban wannan shekarar yawancin jihohin Arewa suka yi sama da mako guda cikin duhu bayan an lalata layukan da ke kawo wuta. Nijar, wadda a da take samun kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta daga Najeriya, ta ga yadda abin yake lokacin da aka yanke mata bayan juyin mulkin 2023. Zafin kuma ba raguwa yake ba: ranar 3 ga Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, kuma wani babban asibiti a Bamako ya ƙirga mamata 102 a kwana huɗun farko na watan, da yawansu tsofaffi. Gidan da ba ya zaunuwa sai da wuta, a ƙasar da wuta ke zuwa kamar baƙo, ban ga inda ci gaban yake ba.

Kada a ce na ɓoye wani abu: a tsakiyar bazara, lokacin da dare ma ba ya hucewa, ɗakin ƙasa yakan riƙe zafi bayan magariba. Amma tsohon gida ya tanadi amsar wannan, kuma a nan ne maganar ta wuce kayan gini ta koma kan tsari. Gidan Bahaushe ɗakuna ne a gefe, fili a tsakiya. Ka shigo ta zaure, ka bi ta shigifa, ka faɗa tsakar gida inda akwai bishiya, da rijiya, da madafi, da wurin shimfiɗa tabarma. Da rana ana ɗaki, da dare ana tsakar gida ko saman soro. Mata na aikinsu a sarari ba tare da idon waje ba. Katangar gida ita ce bangon ɗaki, ba a yi asarar taku ɗaya ba. A waje kuma lungu siriri ne, bango na yi wa bango inuwa, mai tafiya kasuwa da ƙafa ba ya gasuwa.

Turawan mulkin mallaka sun zo da nasu tsarin domin kansu. Dokar garuruwa ta Lugga ta 1917 ta ware musu unguwa, da tazarar yadi 440 tsakaninsu da 'yan ƙasa, kowane gida a tsakiyar makeken fili, da baranda ta kewaye shi, da itatuwa. A fili mai faɗin eka wannan tsari yana aiki, iska na ratsawa ta ko'ina. Mu kuma sai muka ɗauko siffar muka dasa ta a fuloti mai ƙafa hamsin da ɗari, wani lokaci rabin haka. Sakamakon shi ne gidan da kowa ya sani: gini a tsakiya, doguwar katanga da waya a kai, tsakaninsu wani siririn zirin fili da ba ya isar shanya balle bishiya, an malale shi da intalok. Taga na kallon katanga a tazarar hannu, iska ba ta shiga, labule a sauke saboda benen maƙwabci. An juya tsohon gida ciki ya koma waje: filin da ke tsakiya yana amfanar kowa an yayyanka shi an watsa gefe inda ba ya amfanar kowa. Matar gida ta koma ƙarƙashin kwano wuni guda. Idan ka tara irin wannan gida dubu goma, ka haɗa da tituna marasa inuwa da lambatun da ba ya kai ko'ina, ka sami sabbin unguwannin da ke kewaye da Kano da Kaduna da Maraɗi, masu zafi da rani, masu ambaliya da damina. Ko da zinariya aka yi bulon, haka za su kasance.

Za a ce to, mu koma zamanin kakanni ke nan? A'a. Masu zanen gini na wannan zamani, 'yan yankinmu, sun riga sun nuna hanya ta uku, kuma duniya ta gani tun kafin mu gani.

Francis Kéré ɗan ƙauyen Gando ne a Burkina Faso, ya yi karatu a Jamus. Makarantar firamaren da ya kammala wa ƙauyensu a 2001 bulon ƙasa ne da aka sa wa siminti kaɗan aka matse. Bai ƙi kwano ba, wurinsa ya canza masa. Ya ɗaga shi sama a kan ƙarafa, nesa da silin na ƙasa mai ƙananan ƙofofi, ya bar shi ya zarce bango sosai. Kwanon ya zama laima: yana kare bango daga ruwa, iska na wucewa a ƙarƙashinsa tana janye zafin aji. Ginin ya ci kyautar Aga Khan a 2004, shi kuma Kéré a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi Pritzker, kyauta mafi girma a fannin zanen gini. Kayan da ya yi aiki da su, ƙasa da kwano da ƙarfe, babu wanda ba a sayarwa a kowace kasuwar Arewa.

Wanda zai ce wannan ƙauye ne, ya duba Yamai. A 2016 Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar, da abokan aikinta suka kammala rukunin gidaje shida da ake kira Niamey 2000, da matsattsen bulon ƙasa, hawa biyu, kowane gida da farfajiyarsa da inuwarsa, an zana su domin ma'aikaci mai matsakaicin samu, a filin da da gida ɗaya ko biyu za a yi. A Dandaji ta jihar Tawa, ita da Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo mai ɗaukar mutum dubu, aka gama a 2018, kuma sun gayyato maginan gargajiya cikin aikin. Abin dariya a nan shi ne, daga cikin kyaututtukan da aikin ya samu har da na gidauniyar LafargeHolcim, ɗaya daga manyan kamfanonin siminti na duniya a lokacin. Tun kafin su, masallacin Yama a wannan jihar ta Tawa, wanda magini Alhaji Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Manomi ne kuma magini, bai shiga jami'a ba. Alƙalan duniya sun yaba aikinsa a daidai lokacin da mu muke rushe irinsa.

Matsalar azara ma an samo mata mafita. Wata ƙungiya da aka kafa a 2000, wadda ta fara aiki a Boromo ta Burkina Faso, ta farfaɗo da rufin baka irin na Nubiya, wanda ake yi da bulon ƙasa zalla, ba itace ba kwano, ta horar da magina a ƙasashen Sahel da dama. Ga mutanen da suka gaji bakan gizo da ɗaurin guga da tulluwa, wannan ba baƙon ilimi ba ne. Batun hawa sama kuwa, garin Shibam na Yaman ya shafe ɗaruruwan shekaru da benayen ƙasa masu hawa biyar zuwa sama. Mu ba ma buƙatar haka. Hawa biyu ko uku a tsare sun isa su rage yadda garuruwanmu ke cinye gonaki suna miƙewa, har ma'aikaci na kashe rabin albashi a kuɗin adaidaita.

Ba zan yi alƙawarin araha a kowane hali ba. Ba kowace ƙasa ke yin bulo ba, sai an gwada. Ana sa siminti kaɗan a ciki, galibi kashi biyar zuwa goma cikin ɗari, harsashi kuma dole dutse ko kankare, a ɗaga shi sama da inda ruwa ke kaiwa. Ƙwararrun magina sun yi ƙaranci, wanda ya iya kuma zai caji kuɗinsa. Amma a duba inda kuɗin ke zuwa. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma, kuma kowane buhu sai an gasa dutsen farar ƙasa a zafin digiri 1,450, an ɗoro shi a tirela daga Obajana ko Kalambaina ko Ashaka. Masana'antar siminti ita kaɗai ke fitar da kusan kashi takwas cikin ɗari na iskar carbon dioxide da ke ɗumama duniya, ɗumamar da mu 'yan bakin hamada muke fara ɗanɗana. Kuɗin ginin ƙasa kuwa yawancinsa ladan hannu ne, a unguwa yake tsayawa. Siminti na da wurinsa: gada, kwalbati, harsashi, dogon bene, banɗaki. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da shi amsar kowace tambaya.

Akwai darasin da ya kamata masu ra'ayina su riƙe, kada mu ma mu faɗa namu kuskuren. A shekarun 1940 Hassan Fathy na Masar ya gina Sabuwar Gurna kusa da Luksor da bulon ƙasa, gini mai kyau da har yau ake karantawa a jami'o'i. Mutanen da aka gina domin su da yawa suka ƙi komawa, domin gwamnati ce ta yanke shawarar tashinsu, ba su suka nema ba, abincinsu kuma na tsohon wurin. Zane mai kyau da aka ƙaƙaba wa mutane bai fi mummuna amfani ba. Talakan da ya ce bulo yake so ba wa'azi yake buƙata ba. Yana ganin mai kuɗi da gwamna da banki duk sun guji ƙasa, ya kuma san ba a banza ba. Ba zai yarda ba sai ya ga wanda ke da zaɓi ya zaɓe ta.

Saboda haka kirana ba ga talaka yake ba. Gwamnatocin jihohi ne ke gina ajujuwa da ƙananan asibitoci ɗaruruwa kowace shekara, da zane guda ɗaya tun daga bakin teku har Illela, ajin da yara ke narkewa a ciki da ƙarfe goma sha biyu. A ware ko kashi ɗaya cikin goma a yi su da matsattsen bulon ƙasa da ɗagaggen rufi, a sa ma'aunin zafi a ciki, a kwatanta, jama'a su shiga su ji da jikinsu. Hukumomin tsara birane irin su KNUPDA ta Kano su hana cike sauran kududdufan da suka rage, a yashe su a kewaye su da itatuwa, kuma su yarda da zanen gida mai tsakar gida kamar yadda suke yarda da mai zirin fili. Sassan koyar da zanen gini na Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero su jawo Sarkin Magina da mutanensa cikin aji tun masu sanin haɗin laso ba su ƙare ba. Attajiran da ke gina masallatai da makarantun Islamiyya su gwada ko sau ɗaya.

Kai kuma mai karatu da ka mallaki fuloti kana tara kuɗin bulo, ban ce ka fasa ba. Amma kafin tifa ta farko ta sauke yashi, ka zaunar da mai zane ka tambaye shi ta ina rana za ta bugi ɗakin kwana, ina ruwan sama zai bi idan ya sauka daga rufi, kuma ina iyali za su shimfiɗa tabarma a daren da babu wuta. Idan ba shi da amsa, ka nemi wani.